Madubin da Baba Ke Kallon Mushtari da Shi

Babana malamin makaranta ne. Ya koyar da labarin ƙasa a Rabah shekaru masu yawa, daga baya aka dawo da shi Wurno, garinmu, inda ya ƙare aiki. Da ya yi ritaya sai ya koma wa albasarsa a fadama, ya kuma ci gaba da halin da muka san shi da shi tun muna yara, wato ɗaga kai sama. In muna cin tuwo a tsakar gida bayan magariba, sai ka ga ya tsaya da loma a hannu yana kallon wani tauraro. Inna takan ce masa miya za ta huce, ya ce to, amma ba ya sauke kai.

Wani tsohon ɗalibinsa da ya samu aiki a kudu ne ya kawo masa madubin hangen nesa. Ya zo gaishe shi da babbar salla, ya sauke wani dogon kwali daga mota. A ciki akwai farin bututu, tsawonsa kamar hannun babban mutum, da ƙafafu uku na ƙarfe da ake ɗora shi a kai. A lokacin na riga na yi aure a Goronyo, ina koyarwa a firamare, don haka a waya Inna ta ba ni labari.

"Ubanki ya samu abin yi," in ji ta. "Tun da anka kawo abin ga, bisa soro yaka cin tuwo."

Da na zo gida a ƙarshen mako, ana sallame magariba ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, hawo ki gani."

Na hau matakala na iske shi ya kafa madubin, ya karkata bakinsa wajen wani tauraro mai haske wanda ba ya ƙyaftawa kamar sauran. Ya ce in rufe ido ɗaya, kada in taɓa bututun. Da farko duhu kawai na gani. Can sai ga wani abu zagayayye kamar ƙwayar wake, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, da ratsi biyu masu duhu a cikinsa. A gefensa akwai ɗige-ɗige huɗu masu haske, sun jeru kamar an ja musu layi, uku a hannu ɗaya, ɗaya a ɗaya hannun.

"Wanga shi na Mushtari," in ji Baba. "Mutane na ce mai tauraro, amma duniya ta, kamar tamu, tana kewaya rana. Sai dai ta hi kowace girma. In za a zuba irin tamu cikinta, sai ta ci hiye da dubu."

"Da mutane a ciki?"

"Ina za su taka? Babu ƙasa, iska ta. In kin sauka, nutsewa za ki ta yi, iskar na ƙara kauri, har ta matse ki."

"To waɗannan ƙananan hwa?"

"Watanni nai na. Mu guda Allah Ya ba mu, shi kuwa nashi sun yi gommai, waɗanga huɗu su ne manya. Ki riƙe yadda kig gan su, gobe ki dawo."

Washegari na dawo, sai na ga sun canza wuri, kuma uku ne kawai. Na ce madubin ya lalace. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce na huɗun ya shiga bayan Mushtari ne, zai fito. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin, ina koya wa yara cewa duniyoyi na kewaya rana, amma sai ran nan na yarda da abin da nake koyarwa.

Ba a daɗe ba soronmu ya zama majalisa. Tsakanin magariba da isha'i maƙwabta kan hau, Inna ta aika musu da shayi. Biyu ne ba sa fashi. Akwai telan da shagonsa ke jikin katangarmu, wanda suka yi wasan ƙasa da Baba, shi ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina aji ɗaya. Akwai kuma limamin masallacin unguwarmu, dattijo mai sanyin murya, wanda ya raɗa wa 'ya'yana suna.

Tela ya fi son labarin jan tabon da ke jikin Mushtari. Baba ya gaya masa guguwa ce, ta fi duniyarmu faɗi, ta kuma yi ɗaruruwan shekaru tana juyawa ba ta kwanta ba. Ya faɗa masa gaskiya cewa madubinsa ƙarami ne, shi kansa bai taɓa ganin tabon sosai ba, a littafi ya karanta. Duk da haka tela kan daɗe da ido a jikin madubi, ya ɗago ya rantse ya gan shi.

Liman kuwa tambaya yake yi. Da ya ji cewa shekara ɗaya a can daidai take da wajen goma sha biyu namu, amma dare da yini gaba ɗaya ba su wuce kamar awa goma ba, sai ya shafa gemu ya ce, "Ashe azumi can ba shi da wuya." Aka yi ta dariya. Baba ya ba su labarin watannin ɗaya bayan ɗaya. Na kusa da Mushtari duwatsu ne masu aman wuta a jikinsa ko'ina. Na biyu ƙanƙara ta lulluɓe shi, masana na zaton akwai teku a ƙarƙashinta. Na uku shi ne babba, ya fi ƙaramar cikin duniyoyin da ke kewaya rana girma. Na huɗu duk jikinsa ramuka ne saboda duwatsun da suka yi ta faɗa masa. Liman kan ce subhanallah. Ranar duban watan azumi ma soronmu kan cika, shi da kansa yake cewa a kira Malam ya kafa madubinsa.

Baba yana da 'yar tocila da ya ɗaure wa jar leda a baki. Ya ce farin haske yana kashe ido, in ka haska shi sai ka daɗe kafin ka sake ganin ƙananan taurari, amma ja ba ya yin haka. Da ita yake duba maɓallan madubin in zai gyara shi. Kowa a majalisar ya san tocilar nan. Tela ma kan ara in allura ta faɗi masa a ƙofar shago.

Sai 'yan bindiga suka shigo mana. Da fari labari muke ji daga nesa, sannan ya zama hanyar Rabah ba ta biyuwa in la'asar ta yi, sannan mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa gari da tabarmi da tukwane, suna kwana a azuzuwan makaranta. Wata kalma ta shiga bakin kowa, infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari. Gaskiya ne akwai su. Amma kalmar ta zama abin da ake jifan mutum da shi, kuma in ta same ka ba ta fita. Majalisar soro ta ragu, mutane na shigewa gida da wuri. Inna ta ce wa Baba ya bar hawa. Ya ce mata wannan ne lokacin da Mushtari ya fi kusa da mu, yana fitowa daga gabas da zarar rana ta faɗi, shi kuwa ba zai daɗe bisa soro ba, kafin isha'i zai sauko. Haka kuwa yake yi.

A makon da abin ya faru ina gida, an ba mu hutu. Aka kai hari wani ƙauye da ke gabas da gari. An kashe mutane, an kore shanu, an tafi da mata. Waɗanda suka tsira suka iso da ƙafa, wasu ba ko takalmi. Gari ya ɗauki zafi. Washegari da hantsi ina shanya a tsakar gida na ji babura sun tsaya a ƙofa. 'Yan sa-kai ne, masu tsaron gari, da bindigogin gargajiya da adduna. Ba su yi sallama ba. Shugabansu wani mutum ne baƙi dogo, idanunsa jajir. Daga baya na ji cewa ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe.

"Ina mai gidan ga?"

Baba ya fito daga ɗaki da carbi a hannu. "Ga ni. Lahiya?"

"Ina abin da kaka leƙen daji da shi?"

Biyu suka hau soro suka sauko da madubin, wani ya shiga ɗaki ya fito da tocilar, ya ɗaga ta sama kamar ya kama ɓarawo da kaya. Inna ta riƙe rigar Baba, suka fizge shi. Na bi su a guje, ko mayafin kirki ban ɗauka ba.

Suka kai shi gindin wata bishiya kusa da kasuwa, suka zaunar da shi a ƙasa, suka ɗaure masa hannu ta baya. Kafin a ce me mutane sun cika wurin. Baba dattijo ne mai furfura, kusan rabin waɗanda ke tsaye ya koyar da su ko ya koyar da 'ya'yansu.

"Kullum in rana ta hwaɗi ana ganin jar wuta bisa soronka," in ji shugaban. "Kuma bakin abin ga gabas yaka kallo. Wa kaka yi wa alama?"

"Ba kowa. Mushtari nika kallo."

"Wa na Mushtari? Ɗan wane daji na?"

Baba ya yi ƙoƙarin bayani, da muryar nan tasa ta aji, a hankali. Ya ce duniya ce a sama, tana da watanni, huɗu ake gani. Wani daga bayan taron ya yi ihu, "Kun ji, ya ce su huɗu na!" Wurin ya ruɗe. Na kutsa ina cewa malamin makaranta ne, tauraro yake kallo, wasu mata suka riƙe ni suna cewa in yi shiru kada a haɗa da ni.

"Ku tambayi maƙwabtana," in ji Baba. "Sun sha dubawa da idonsu. Ga tela can, ku kira shi. Ku aika a kira Liman."

Tela na tsaye a gaba-gaba, da tef ɗin awo a wuyansa. Aka juya ana kallonsa.

"Ni dai abin da yag gwada min shi nig gani," in ji shi. "Abin da shika kallo in mun watse, Allah kaɗai Ya sani."

Wanda aka aika gidan Liman ya dawo ya ce ba ya nan. Yana nan. Matarsa da kanta ta gaya wa Inna daga baya cewa yana ɗaki, ya ce a ce ya fita.

Baba ya daɗe yana kallon tela. Sannan ya juya ga shugaban ya ce, "To ku jira rana ta hwaɗi. Ku kahwa shi da kanku, ku duba. In ba ku ga abin da nic ce ba, ku yi min abin da kuka so."

Amma tuni wani saurayi ya kwance bututun yana neman layin waya a ciki. Da bai samu komai ba sai ya zazzage gilasan a ƙasa, wani ya sa dugadugi ya taka. Daga nan aka fara dukan. Ba zan bayyana shi ba. Abin da zan faɗa shi ne, an karya masa hannun dama a wuyan hannu, sanda kuma ta same shi a idon hagu. Bai yi kuka ba, salati kawai yake yi.

Mijina ne ya cece shi. Inna ta kira shi, ya taso daga Goronyo a babur, ya biya ya ɗauko wani wakilin hakimi da ya san Baba, suka zo da wani jami'in tsaro. Aka yi ta magana har bayan la'asar. A ƙarshe aka ce an bincika, ba a same shi da komai ba. Aka kwance shi. Wakilin hakimi ya ce mu yi haƙuri, yanayi ne ya kawo haka. Wanda ya taka gilasan na tsaye yana shan ruwan leda, ba wanda ya ce masa uffan.

Shugaban 'yan sa-kan ban riƙe shi sosai a zuciya ba. Ya binne ƙanensa jiya, yau an nuna masa soro da jar wuta, bai taɓa hawa soronmu ba, bai san komai ba. Waɗanda suka sani su ne damuwata. Kalma ɗaya daga bakin tela, ko Liman ya fito da rawaninsa ya ce na san abin nan, na duba da idona, da ko hannu ba a ɗaga wa Baba ba. Na san tsoro suka ji. Ni ma na ji tsoro, kowa a garin yana jin tsoro. Amma sun sha shayin gidanmu, sun yi dariya a soronmu, sun kuma san tocilar nan kamar yadda suka san tafin hannunsu.

Mun zaci da an sake shi magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Hannun ya haɗe a karkace, idon hagu ya koma ganin hazo-hazo. Wannan duk mai sauƙi ne. In ya shiga masallaci sai sahu ya yi masa faɗi, na kusa da shi ya ɗan matsa. 'Yan ƙwadagon da ke yi masa dashen albasa suka ce sun samu wani aiki. Yara suka rubuta kalmar nan ta infoma da gawayi a katangarmu, Inna ta wanke, aka sake rubutawa. Wasu cewa suke an sake shi ne don yana da manya. Tela kuwa ya mayar da keken ɗinkinsa can cikin shago, inda ba za su haɗa ido ba in Baba ya fito.

Da damina ta wuce muka matsa masa ya dawo Goronyo wurinmu. Bai yi gardama ba, wannan ma ya ba ni tsoro, don Baba mutum ne mai gardama. Muka ba su ɗakin da ke kusa da zaure shi da Inna. Gonar fadama ya bar wa wani ɗan ƙanensa. Mijina ya ce zai sa a nemo masa wani madubin daga birni, Baba ya ce kada ya soma.

"Ka bar shi, ɗana. Ina son in mutu cikin mutane su yi min salla."

Tsohon ɗalibin da ya kawo madubin ya ji labari, ya kira yana kuka, yana cewa shi ya jawo masa. Baba ya lallashe shi, ya ce kyauta ya yi masa, kuma ya ji daɗinta. Da ya ajiye wayar bai ci abinci ba ran nan.

Yanzu yini yake yi a zaure da rediyo. Ana sallame magariba yake shigewa ɗaki. Wata rana babbar ɗiyata ta dawo daga makaranta da aikin gida a kan duniyoyi, ta je ta tambaye shi wacce ta fi girma. Ya gaya mata Mushtari ce, ya gaya mata iska ce ba ƙasa ba, ya lissafa mata manyan watanninta huɗu ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ta ce, "Kaka, ana ganinta daga nan?" Ya ce ana gani. Ta ce ya nuna mata. Ya ce ta tambayi uwarta.

Bara, bayan ƙaramar salla, Liman ya zo Goronyo. Ya tsufa ƙwarai, da sanda yake tafiya, wani jikansa ne ya kawo shi a babur. Ina kicin na ji sallamarsa, na gane muryar nan take. Suka zauna a zaure shi da Baba. Ban yi niyyar saurare ba, amma katangar ba ta da kauri.

"Malam, na zo ka yahe min," in ji shi. "Ran nan ina ɗaki. Na ji an zo kirana, ƙahwahuna sunka ƙi tashi. Tun ran nan ban yi limanci da natsuwa ba."

Baba ya ce, "Na yahe maka, Liman. Allah Shi yahe muna baki ɗaya." Sai ya ɗaga murya, "Uwata, kawo wa baƙo ruwa."

Na zuba ruwa a kofi, na zuba abinci, na ba ɗiyata ta kai. Baba ya sake kirana in zo in gaida Liman. Na ce hannuna da aiki. Har ya tashi tafiya ban fito ba, ina jin ƙarar babur ɗin har ya yi nisa.

Baba ya shigo tsakar gida, ya tsaya a ƙofar kicin yana riƙe da hannunsa mai karkata.

"Dattijo ya taho tun daga Wurno, ki ƙi gaishe shi? Ba haka nir rene ki ba."

"Baba, kai anka buga, kai ka yahe. Ni tsaye nike ina kallo, an riƙe min hannuwa. Nawa daban na."

Ya koma zaure ya kunna rediyonsa.

Tela bai zo ba har yau. An ce yana nan, ɗinki ya yi masa yawa, har ya ƙara keke. Gidanmu na Wurno wasu 'yan gudun hijira ne a ciki, Baba ya ce a bar su su zauna kyauta. Inna kan je lokaci-lokaci ta ga 'yan uwanta, ta kwana biyu ta dawo. Baba bai sake taka garin ba, ni ma in hanya ta bi da ni ta can ba na sauka daga mota.